Ciyawar Auta

Duk wanda ya bi hanyar bakin rafi ya san lambun Tsaf ko da ba a nuna masa ba. Lambuna goma sha tara ne a jere daga gada zuwa inda rafin ya karkata, amma ɗaya ne kawai za ka yar da allura a cikinsa ka sunkuya ka ɗauki abarka. Fangaloli a miƙe, albasa a nata layi, latas a nasa, tumatir kowanne da sandar da ya jingina. Ciyawa kuwa ko ƙwaya. Sunan ma daga nan ya samo shi, don tun yana saurayi in aka tambaye shi ya lambu, amsarsa ɗaya ce: “Tsaf!” Har sunansa na asali ya ɓace a bakin mutane.

Mutum ne da ba ya iya wuce ciyawa ya ƙyale ta. Kana yi masa magana yana amsawa, amma hannunsa na ƙasa yana tuge wani abu. Ya taɓa zuwa duba mara lafiya a asibiti aka neme shi aka rasa, sai ga shi tsugune a bakin baranda yana ciro ciyawar ƙiri-ƙiri daga tsagar siminti. Kowace shekara in damina ta wuce, yakan ɗauki fartanya ya bi gaɓar rafin da ke ƙarshen lambunsa, ya sassare inda ruwa ya gutsura, ya daidaita bakin ya koma miƙe sumul, ɓurɓushin ƙasar kuma ya tura shi cikin ruwa. A wurinsa, ƙazanta a lambu da ƙazanta a jiki duk abu ɗaya ne.

Ana saura wata guda ruwan farko ya sauka, wata ma'aikaciyar hukumar ruwa ta zo da takarda. Yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, da takalmin roba har gwiwa da tef ɗin awo rataye a kafaɗa. Masu lambu suka sa mata Malamar ruwa. Ta tara su a ƙarƙashin gada ta karanta musu sabuwar doka: daga bana, kowane lambu da ke bakin rafi zai bar mita goma sha biyar daga gaɓa. Ba noma a wurin, ba taki, ba feshi, a bar shi ga ciyawa da itatuwa. Wanda bai bi ba, ba za a sabunta masa takardar izinin jan ruwa ba.

Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ba takarda, ba kunna injin ban ruwa. Lambun da ba ban ruwa kuwa da rani fili ne kawai, sai ƙadangaru.

Aka yi ta hayaniya, wasu na cewa wurin da ya fi albarka ne ake so a raba su da shi, kuma gaskiya suka faɗa. Ban da Tsaf. Shi ba ya jayayya da hukuma, abin da ya fi so shi ne ya riga kowa bin umarni, ya kuma fi kowa iya binsa. Malama ta bi lambu-lambu tana kafa turakun ƙarfe biyu, ɗaya a bakin gaɓa, ɗaya inda mita sha biyar ta ƙare. A lambunsa awon ya haɗiye fangali shida na albasa. Ransa ya sosu ƙwarai, amma kafin mako ya zagayo ya cire albasar, ya baje fangalolin, ya bi wurin da manjagara ya share.

Da ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fara leƙowa a tsakanin turakun nan biyu. Ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ta sake fitowa, ya goya famfon feshi ya yi mata wanka da magani.

Matarsa mai ɗinki ce, kekenta na bakin taga a ɗakin gaba, kuma ita ce mai karatun takardun gidan. Ta ɗaga takardar dokar da ya ajiye kan rediyo ta duba.

“Malam, takardar nan fa ciyawa ta ce.”

“Na ji da kunnena,” in ji shi. “Sun san halin mutane ne. Sun san da zarar an ce a bar wuri, kowa zai juya masa baya ya zama daji, shi ya sa suka rubuta haka don kada malalata su ji kunya. Wace hukuma ce za ta roƙi mutum ya yi ƙazanta? Ki bari ta zo ta ga yadda ake barin wuri cikin mutunci.”

Ta dube shi ta saman tabarau, ta mayar da takardar inda take, ta ci gaba da taka kekenta. Shekara talatin da biyu sun koya mata lokacin da magana ke shiga kunnensa da lokacin da ba ta shiga.

Malalatan da yake nufi ba jam'i ba ne, mutum ɗaya ne, kuma shinge kawai ya raba su. Lambun da ke maƙwabtaka da nasa na ƙaninsa ne, Auta. Auta mutum ne mai sanyin rai, mai son fatsa da hira, wanda yake noma rabin lambunsa na wajen titi ya bar na bakin ruwa ga Allah. Ciyayi irin su jema da tofa da gamba sun yi tsayi a wurin har ƙirji, ga wani ɓaure da ba wanda ya dasa shi. Tsaf yana kiran wurin gidan macizai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ba abin da ke shiga tsakaninsu sai gaisuwa, ita ma a tsaye. Asalin abin kuwa filin mahaifinsu ne. Lokacin da tsohon ya rasu Tsaf yana can wani gari yana aikin gini, ya dawo ya tarar an raba filin biyu da igiya, an ce kowa taku ɗari daga titi zuwa ruwa. Ya karɓi nasa ya kama aiki. Sai bayan shekara goma sha uku wata rana ya ga kamar gaɓar Auta ta fi tasa shiga cikin rafi. Ya auna na Auta, ɗari cif. Ya auna nasa, casa'in da uku. Da yammar ranar ya je ɗakin Inna, mahaifiyarsu, ya tarar da Auta da 'yan'uwa mata a zaune, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce duk wanda ya riƙe igiyar nan ɓarawo ne marar tsoron Allah, kuma shi ba zai yafe taku bakwai ba har ya koma ga mahaliccinsa. Auta bai tanka ba, Inna ma ba ta tanka ba. Tsaf ya ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Tun ranar bai sake aunawa ba don kada ransa ya ƙara ɓaci, Inna kuma ta rasu shekara huɗu da suka wuce ba tare da an shirya ba.

Ranar da Malamar ruwa ta dawo dubawa, Tsaf ya sa riga mai guga. Ta fara da lambun Auta, yana jiyo muryarta ta cikin shinge tana cewa, “Kai, madalla! Irin wannan muke nema. Bari in ɗauki hoto in nuna a ofis.” Ya yi murmushi, ya ce a ransa yarinyar tana da tarbiyya, ba ta son kunyata babba.

Da ta shigo nasa, ta tsaya a bakin turke. Wurin na nan fes, jar ƙasa sumul daga turke zuwa turke, har da sawun manjagara a jere.

“Baba, me ya sami wurin nan?”

“Gyara ya same shi, Malama.”

Ta tsuguna ta ɗebi ƙasar ta shinshina. “An yi feshi?”

“Sau biyu. Ba wadda za ta sake ɗago kai bana.”

Ta rufe ido ta buɗe. “Baba, wallahi da albasarka ka bari a nan da ya fi wannan sauƙi.”

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ta roƙe shi bokitin ruwa, ya ciko mata. Ta tsaya a saman wurin ta juye shi a hankali. Ruwan ya kama hanya da gudu, yana tafiya yana rinewa, ya faɗa rafi jajir. Ta sake ciko bokitin da kanta, ta ratsa ta ɓular shinge zuwa wajen Auta. Shi bai bi ta ba, leƙawa ya yi ta saman shingen. Ta juye ruwan a kan ciyawa, ya yi taku biyu ya ɓace.

“Ka gani, Baba?” in ji ta da ta dawo. “Duk takin da ka zuba a fangalolin can na sama, duk maganin ƙwarin da ka fesa wa tumatir, in aka yi ruwa ta nan suke bi. Ciyawa ita ke tare su, ta riƙe laka, ƙasa ta shanye sauran kafin ya kai rafi. Can ƙasa da ku bututun gidan ruwa yake, inda gari ke sha. Bara sau uku muna rufe shi saboda abin da muka gani a gwaji. Ruwan famfon gidanka ma daga nan yake.”

“Yanzu ke nan nawa ne bai yi ba?”

“Bai yi ba, Baba.”

“Na wancan kuma ya yi?”

“Nasa ya fi na kowa a layin nan.”

Can bayan shinge wani ya yi tari. Tsaf ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara arba'in yana lambu, ba a taɓa gyara masa aiki ba, yau ga sa'ar 'yar cikinsa ta gyara masa, kuma a kunnen mutumin da ya fi ƙi ya ji.

Malama ta rage murya. “Ka'ida ita ce in rubuta yau cewa ba ka bi ba. Zan rubuta cewa ban gama dubawa ba. Kwana arba'in zan dawo. In na tarar kashi bakwai cikin goma na wurin nan kore ne, zan sa hannu a takardarka. In ban tarar ba, ba yadda zan yi, ni ma ana duba nawa aikin.”

Washegari ya je shagon kayan noma. Mai shagon, wanda ya shekara ashirin yana sayar masa da maganin kashe ciyawa, ya miƙa hannu kan kantar da maganin yake tun kafin a gama gaisawa.

“Ba shi ba,” in ji Tsaf. “Irin ciyawa nake so.”

Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki, sai da ya ga fuskar mai maganar sannan ya haɗiye sauran. Ya auno masa irin da masu filin ƙwallo ke saye.

Tsaf ya yafa shi, ya bi da manjagara. Tsuntsaye suka ɗauki rabonsu, yayyafi ya wanke saura zuwa rafi, ɗan abin da ya tsiro kuma ya yi rawaya ya kwanta, don maganin da ya fesa bai gama fita daga ƙasar ba. Ya sake yafawa, aka sake haka. Abin ya ɗaure masa kai. Ciyawar da ya yi rayuwarsa yana kora tana dawowa, yau yana kiranta ta ƙi zuwa. Kwana goma sha shida suka tafi a haka.

A rana ta goma sha bakwai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun da azahar. Yana zaune a rumfar lambu kan buhun da ya ninke, injin ban ruwa a gefensa lulluɓe da leda. Da can in ana irin wannan ruwa fangalolinsa yake kallo, yau kuwa idonsa na kan wurin nan. Ya ga ruwa na fitowa daga tsakanin layukan tumatir, yana haɗuwa, yana tsaga wa kansa ƙananan kwari a kan jar ƙasar, yana zuba a rafi. Rafin ya cika ya yi kalar bulo. Can sai ya ji tim! Wani yanki na gaɓar, tsawonsa ya kai ƙofar ɗaki, ya rufta cikin ruwa, turken Malama ya bi shi.

Da safe ya ɗauki fartanya kamar yadda ya saba, ya nufi gaɓa don ya daidaita inda ya rufta. Har ya ɗaga ta sama, sai idonsa ya faɗa kan turken, yana kwance cikin laka a ƙasa, ruwa na bi ta kansa. Jiya da safe a kan tudu yake. Ya leƙa ta shinge, turken Auta na nan tsaye cikin jema, ko karkata bai yi ba. Ya sauke fartanyar a hankali.

Ya koma bakin titi, ya jingina duga-dugansa da kwalta, ya fara taku yana ƙirgawa. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da wannan ƙirga. Ya isa bakin ruwa a tamanin da bakwai. Ya ce ƙafarsa ce ta yi tsawo, ya koma ya sake, yana rage takun da gangan. Tamanin da takwas, da ƙyar.

Ba wanda ya taɓa igiya a cikin shekarun nan. Titi bai matsa ba. Ya tsaya yana kallon gaɓar da yake sassarewa duk shekara, yana share wa rafi sawunsa da hannunsa, yana kuma ƙara masa loma a kai. Ya daɗe a tsaye har rana ta fara cizo.

A gida ya tarar da matarsa na ɗinka hannun riga, ƙyallaye zube a ƙasa, almakashi a cinyarta. Ya zauna a kujerar da masu kawo ɗinki ke zama.

“Irin nan ba zai zauna a ƙasa mai santsi ba,” in ji ta, ba ta ɗago ba. “Mai saiwa ake dasawa. Ka kuma san inda take.”

“Na sani.”

Keken na ta ƙara. Sannan ya ce, “Na auna yau. Tamanin da bakwai.”

Ƙafarta ta tsaya a kan feda. Ta cire tabarau ta dube shi, ta ga abin da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba, sai tausayinsa ya kama ta.

“Za ka gaya wa Auta?”

“Da wane baki?”

“Da wanda ka faɗi maganar farko.”

Bai gaya masa ba, aƙalla ba a ranar ba. Ya dai zagaya ta titi ya shiga lambun Auta ta ƙofa, abin da bai yi ba tun ranar ɗakin Inna. Auta na zaune kan bokitin da ya kife yana gyaran ƙugiyar fatsa. Ya miƙe da sauri har ƙugiyar ta faɗi.

“Yaya? Lafiya dai?”

“Lafiya lau. Ya iyali?”

“Suna nan ƙalau.”

Tsaf ya dubi ɓaure, ya dubi ƙasa, ya dubi shinge. “Ciyawa na zo roƙo.”

Auta ya ciji leɓe. Ka ga mutumin da dariya ta zo masa har wuya yana kokawa da ita. “Wace iri, Yaya? Muna da kala-kala. Sai dai ka yi hattara, an ce gidan macizai ne.”

“An ce,” in ji Tsaf.

Auta ya ɗauke ƙugiyarsa daga ƙasa. Ya shiga rumfarsa ya fito da diga da shebur, ya ce jema za su haƙa, ita ce mai riƙe ƙasa. Tsaf ya ɗauka tugewa zai yi kamar kowace ciyawa. Ya kama wani gindi da hannu biyu ya ja, ya ja, har jijiyar wuyansa ta fito, ko motsi ba ta yi ba. Sai da suka haƙa rami har gwiwa kafin ta saki, saiwarta cunkus kamar soso, ta fi hannun mutum tsawo, tana wani ƙamshi mai sanyi. Ya juya ta a hannu yana kallo. Iyakar saninsa da ciyawa daga wuya ne zuwa sama, bai taɓa tsayawa ya ga abin da take yi a ƙasa ba.

Kwana biyar suna wannan aiki. Su haƙo gindi, su tsattsage shi ƙanana, su datse ganyen, su loda a baro. Auta ya buɗe shingen don kada a riƙa zagayawa. Da aka zo dasawa, Tsaf ya fito da zarensa da turakun itace ya ja layi.

“Haba, Yaya! Ko ciyawar ma sai ta bi layi?”

“A lambuna take.”

Ya dasa ta jeri-jeri a gicciye, tazarar tafin hannu tsakanin gindi da gindi, jeri tara daga gaɓa zuwa turken sama. Tsakanin jerin suka shimfiɗa faifan ƙiri-ƙiri da suka yanko da ƙasarta. Da ruwa ya ɗauke na kwana shida, masu wucewa suka ga abin da za su ba jikoki labari: Tsaf da bokiti yana ban ruwan ciyawa safe da yamma. Wani ya tsayar da kekensa ya ce, “Malam Tsaf, ya lambu?” Ya ce, “Da godiya.”

Suna aiki suna hira, amma hirar farashin tumatir ce da ciwon gwiwa da 'ya'yan da ba sa kiran waya. Sau da yawa maganar takan zo masa har baki, sai ya ce bari a gama wannan jerin. Yana tsoron abu biyu, kada ciyawar ta ƙi kamawa, kada kuma ya faɗa Auta ya ɗauka don ciyawar ya faɗa.

Ranar kwana arba'in Malama ta zo da hantsi. Auta na tsaye a ɓular shinge, hannu a aljihu. Ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya, tana jan gindin jema ta ga ko ya kama. Yawancinsu sun fitar da sabon ganye, ƙiri-ƙiri ta fara miƙa hannu tana rufe ja. Jeri biyu na bakin ruwa sun mutu rabi. Ta shimfiɗa tef, ta ƙirga, ta rubuta, ta sake ƙirgawa. Sannan ta ɗago.

“Bakwai da ɗan ɗoriya, Baba. Da ƙyar, amma ya kai. Wa ya koya maka dasa ta a gicciye? Haka littafinmu ya ce a yi.”

“Hali ne,” in ji Auta daga shinge.

Ta sa hannu, ta buga hatimi a kan cinyarta, ta miƙa masa takardar. Ta ce a cike gurbin jerin da suka mutu, kuma don Allah a ɓoye wa Baba fartanya. Ta kafa sabon turke a bakin gaɓa, ta naɗe tef ɗinta ta wuce lambu na gaba.

Suka rage su biyu. Tsaf ya ninke takardar, ya buɗe, ya sake ninkewa. Yanzu ba abin da yake nema a hannun ƙaninsa, don haka bakinsa ya buɗe.

“Auta.”

“Na'am, Yaya.”

“Taku bakwai ɗin nan. Yanzu sun zama goma sha uku. Rafi ne ya ci, ni kuma nake ba shi da hannuna. Ba wanda ya cuce ni. Na kira ka ɓarawo a gaban 'yan'uwanka, ka yafe mini. Zan tara su in faɗa a gabansu kamar yadda na faɗi waccan.”

Auta ya sunkuyar da kai yana murza wani ganye. “Ni ban riƙe ka ba, Yaya. Tun a lokacin na ga abin da ruwa ke yi wa gaɓarka, na kuma san in na faɗa za ka ce maganar malalaci ce.” Ya yar da ganyen. “Sai dai tunda ka kawo maganar, ba ni na auna ba.”

“Kamar yaya? Kai kaɗai ne namiji a gida.”

“Shekarar nan ce na faɗo daga babur, wata uku ina kwance da karaya. Inna ce ta auna. Da igiyar shanyarta. Ta sa maƙwabciya ta riƙe mata baki ɗaya, ta auna sau biyu, ta dawo da laka har gwiwa. Ta ce ba za ta yarda wani ya auna wa 'ya'yanta ba, kada a yi wa wanda ba ya nan ƙwange.”

Tsaf ya zuba masa ido.

“Da ka fita daga ɗakinta a ranar, na tashi zan bi ka in gaya maka, ta riƙe mini riga. Ta ce in bari ya tsaya a kaina, ni zan iya ɗauka. Har ta kwanta ciwo tana tuna mini kada in faɗa. Yau ma ban san ko na yi daidai ba.”

Rafin na wucewa a ƙasansu, can lambu na gaba Malama na gaisawa da wani. Tsaf ya nemi inda zai dafa ya rasa, ya zauna a ƙasa tsakanin jerin jema, takardar a hannunsa.

“Ta ji duk abin da na ce?”

Ya san amsar, tambaya kawai ya yi.

“Tana zaune, Yaya,” in ji Auta a hankali. “Kai ma ka gan ta.”